Baka da Kibiya a Ƙasar Zazzau: Yadda Ake Koyon Harbi a Zamanin Da

Wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Sabon Gari zuwa Samaru, ya ratsa ta Hanwa, gidaje da makarantu da shaguna zai yi ta gani. Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, kafin kuma a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yawancin wannan fili gonaki ne da daji da fadamun Kubanni. A irin wannan wuri ne 'ya'yan talakawan Zazzau suka koyi harbi da baka. Littattafan tarihi sun cika da labarin barade da lifidi da sulke, amma ba su damu da yadda ɗan baka ya sami gwanintarsa ba, alhali shi ne ya fi yawa a kowace runduna.

Sai an san kayan kafin a gane koyon. Baka itace ne guda mai lanƙwasa, tsirkiyarsa ta murɗaɗɗiyar fata. Jikin kibiya kyauro ne, bakinta ƙarfe mai kunne, domin idan ta shiga ta ƙi fita. Ƙarfen kuwa ba baƙo ba ne a nan, domin masu binciken kufai na Jami'ar sun tono wuraren narka tama a yammacin Samaru cikin shekarun 1970. Abin lura shi ne, kibiyar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin na kiban Turai da Asiya. Gashin nan shi ke daidaita kibiya a iska. Wadda ba ta da shi, in tafiya ta yi nisa, sai ta fara karkata. Maharbi ya rufe wannan giɓi da abu biyu, watau dafi da kusanta.

Dafin da aka fi sani daga 'ya'yan kwankwani ake dafa shi har ya yi kauri, a shafa a bakin kibiya. Aikinsa tsayar da zuciya. Saboda haka ba lalle ne kibiya ta sami makasa ba, ta dai huda fata. A bakin maharbi, karin maganar nan ta harbi a wutsiya ya fi kuskure, zance ne na zahiri.

To, wannan shi ya tsara yadda yaro ke koyo. Babu makaranta, babu allon da aka zana wa da'ira. Yaro kan fara da ɗan bakan da ya haɗa da kansa, kibansa na sillen kara, abin harbinsa ƙadangare a jikin katanga, ko kurciya, ko tsuntsayen da aka aike shi kora a gonar gero. A nan hannu ke sabawa da ɗana kibiya, da jan tsirkiya zuwa wuri guda kullum, da sakinta ba tare da hannun da ke riƙe da baka ya motsa ba. Kuskuren ɗan koyo bai sake ba tun daga wancan zamani: gaggawar saki, da ɗaga kai don ya ga inda kibiya ta nufa tun ba ta bar baka ba.

Amma fa bara, watau auna abin harbi, rabin karatun ne kawai. Sauran rabin sanɗa ce. Idan yaro ya tasa, ya fara bin ubansa ko ubangidansa farauta da rani, sai ya koyi bin sawu, da sanin inda iska ta nufa, da yin rarrafe, wani lokaci da kan burtu ɗaure a goshi domin dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Mai harbi a wasannin Olamfik yakan tsaya mita 70 daga allonsa, ba ya da ikon matsawa. Gwanintar maharbin Hausa kuwa ita ce ya rage nisan har kuskure ya yi wuya. Kibiya mai dafi ba ta shiga kwarin yaro sai manya sun yarda da hankalinsa, domin ƙwarzane kaɗan ya isa kisa. Sirrin haɗin dafi da makarinsa a gida yake zama, daga uba zuwa ɗa, shugaban masu sana'ar kuma shi ne Sarkin Baka.

Amfanin wannan doguwar tarbiyya ya bayyana a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi da Azbinawa. 'Yan baka, da yawansu makiyaya waɗanda suka girma da kwari a kafaɗa, suka tsaya har dawaki suka matso, sa'an nan suka sakar musu kibau. Rundunar Gobir ta watse. A 1808 Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba.

Abin mamaki, da mulki ya kafu sai waɗanda baka ya ɗaukaka suka hau doki. Takobi da mashi suka zama kayan masu sarauta, baka ya koma hannun dakaru, talakawa da bayi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa malaman da suka rubuta tarihin yaƙe-yaƙe ba su rubuta yadda ake koyonsa ba. Zuwa zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, daga 1897 zuwa 1902, 'yan bindiga ne abin taƙamar fada.

Da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa, kusantar da dukkan ilmin ɗan baka ya dogara a kanta ta zama abu mai wuyar gaske, domin harsashi na riskar mutum tun kibiyarsa ba ta isa ba. Duk da haka, a Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh, shugaban sojan Ingila a wurin, kibiya mai dafi ce ta kashe shi.