Kofin 1953 na Kano ne ko na Pillars?

Duk wanda ya tashi a Najeriya ya taɓa jin labarin ranar da Indiya ta ci mu 99 da 1. A Kano na fara jinsa ina yaro, na zo Fatakwal na tarar yaran Ikwerre na nan Rumuokoro su ma suna da nasu, har ya fi namu gishiri. Wai ƙwallo ce ke rikiɗa ta zama zaki in ta doshi golanmu, wai mutum ɗaya ne ya yi ta maza ya ci mana ƙwallo guda, daga nan ya faɗi ya mutu. Wasu su ce Thunder Balogun ne, wasu su ce Sam Okwaraji. To, wannan wasa dai ba a taɓa yin sa ba. Okwaraji ya faɗi ne a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, muna karawa da Angola a neman gurbin Kofin Duniya. Balogun kuwa a 1972 ya rasu. Abin da ya sa nake iya faɗin haka ba tare da shakka ba shi ne akwai mutanen da suka mai da rubuta sakamakon wasanni aikinsu, ƙasa bayan ƙasa, shekara bayan shekara, kuma babu wannan wasa a kundinsu.

Manyan masu wannan aiki guda biyu ne, kuma sau da yawa ana rikita su. Ta farko ita ce IFFHS, wato tarayyar masu adana tarihi da alƙaluman ƙwallon ƙafa ta duniya. Wani Bajamushe mai suna Dakta Alfredo Pöge ne ya kafa ta a birnin Leipzig ranar 27 ga Maris 1984, lokacin ana kiran wannan yanki Jamus ta Gabas. Ita ce mai fitar da gwarzon gola na duniya tun 1987, da jerin kulob-kulob mafi ƙarfi tun 1991. Ba reshen FIFA ba ce, duk da cewa jaridunmu kan kawo labarinta kamar daga FIFA ya fito, kuma ko a can Jamus akwai masanan da suka daɗe suna sukarta cewa mutum ɗaya ne ke juya ta. Ta biyun ita ce RSSSF, wadda wasu Turawa uku, Lars Aarhus da Kent Hedlundh da Karel Stokkermans, suka fara a watan Disambar 1994. Wannan ba ruwanta da bikin raba lambar yabo mai kwalliya. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban, kowa ya tono abin da ya samu a tsofaffin jaridu da littattafai ya aika, a jera shi a intanet, baƙi a kan fari, ba hoto ba ado. Ni dai ta biyun ta fi kwanta mini, domin ba ta cika gaya maka wa ya fi wa ba, sakamako take ajiye maka ka yi hukunci da kanka.

Mai karatu zai gane dalilina in ya tuna rigimar kulob na ƙarni. A ƙarshen shekarar 2000 hukumar CAF ta ce Al Ahly ta Masar ce kulob na ƙarni na 20 a Afirka. A 2009 sai IFFHS ta yi nata lissafin ta ce a'a, Asante Kotoko ta Kumasi ce. Kotoko ta ci babban kofin Afirka sau biyu, 1970 da 1983. Ahly ma sau biyu a cikin wancan ƙarni, 1982 da 1987, ga kuma Kofin Masu Kofi guda huɗu. Can gefe ga Zamalek da ta ci babban kofin sau huɗu, biyu daga ciki ma a hannun Shooting Stars ta Ibadan ta ƙwata, 1984 da 1996, tana cewa duk an zalunce ta. Wasannin da aka buga ba su canza ba, makin da kowa ya ga damar ba kowane zagaye ne ya bambanta. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi suna da takardar da za su nuna, Misirawa ma suna da tasu.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau yana kusa da gida. Idan ka buɗe jerin waɗanda suka ci kofin ƙalubale na Najeriya, za ka ga an fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Arthur Richards, inda Marine ta ci Corinthians ɗaya da nema. Shekara takwas a jere kofin bai bar Legas ba: Marine, Railways, UAC, PAN Bank. Fatakwal ta kai wasan ƙarshe fiye da sau ɗaya a waɗannan shekaru ta dawo hannu rabbana. Sai a 1953 Kano ta je ta ci Lagos Dynamos 2 da 1. Wannan ne karo na farko da kofin ya fita daga Legas, kuma Arewa ya nufa. A 1954 Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Kalaba ta doke ta. A 1955 ta sake kaiwa, wannan karon garin nan da muke cin arziki a cikinsa, Fatakwal, shi ya ɗauke kofin daga hannunta. Wasan ƙarshe uku a jere ke nan. A 1957 Zariya ma ta kai, Railways ta ci ta.

Ku lura da shekarar. A watan Mayun 1953 ne aka yi rikicin Kano tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu mazauna Sabon Gari, kan maganar neman mulkin kai da Anthony Enahoro ya kawo majalisa, aka yi asarar rayuka da dama. Wannan rikici yana cikin littafin tarihin kowane ɗan sakandare. Amma cewa a shekarar nan garin ya tura 'yan wasa Legas suka ɗauko kofin ƙasa, layi ɗaya tak ya samu: shekara, suna, biyu da ɗaya. Ni da nake zaune a irin tamu Sabon Garin a ƙasar wasu, wannan layi ya fi mini shafi goma na rikici daɗin karantawa.

To a nan ne gizo ke saƙar. A wurare da yawa a intanet, sunan da aka rubuta a gaban 1953 shi ne Kano Pillars. Da Pillars ta ci kofin a 2019 a filin Ahmadu Bello na Kaduna, bayan ta fitar da Niger Tornadoes a bugun fenariti, sai aka yi ta yayata cewa ta kawo ƙarshen jiran shekara 66. Alhali kuwa an kafa Pillars ne a 1990, da aka haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ɗan da aka haifa a 1990 ba zai ci kofi a 1953 ba. Waɗanda suka je Legas zaɓaɓɓun 'yan wasan gari ne, domin a wancan zamani garuruwan da ke wajen Legas kan tattara gwanayensu ne su tura da sunan gari. Shi ya sa ake ganin Warri, Kalaba, Fatakwal, Zariya, ba sunan kulob ba.

Na san wani zai ce, Malam, mene ne abin damuwa, ai duk Kano ce? Ni ma Sai Masu Gida nake yi, kuma har gobe ban huce ba daga wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, da muka ci Rangers uku da nema suka farke duka suka kuma ɗauke kofin a fenariti. ('Yan uwanmu na Inugu da Anaca sun fi kowa shan tsiya a wannan mako, gara mu nan.) Amma Pillars ba ta bukatar aron tarihi. Ta ci gasar lig a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ɗin nan ta ƙarni daga gasar zakarun Afirka, kunnen doki a Kano, kunnen doki biyu da biyu a Alƙahira, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Wannan ya ishe ta. Illar liƙa mata 1953 ita ce ana shafe duk abin da ke tsakani. Shekara 37 ce tsakanin 1953 da 1990, kuma ba barci Kano ta yi a cikinsu ba. Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1977, ta kuma ci gasar lig ta ƙasa a 1978. In an ce tarihin ƙwallon Kano Pillars ne daga farko har ƙarshe, ina za a sa Raccah? Ka tambayi matashi ɗan shekara ashirin a gidan kallon ƙwallo na nan unguwa, zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal na 2004 har da na benci, amma sunan Raccah bai taɓa shiga kunnensa ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba, masu masaukinmu ma suna da shi. Sharks, wadda aka kafa a 1972, da Dolphins, wadda ta ci lig a 1997 tana Eagle Cement, ta sake ci a 2004 da 2011, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Confederation a 2005, gwamnatin Jihar Ribas ta haɗe su a 2016 ta sa musu Rivers United. Da United ta ci lig a 2022, kofinta na farko ne ko na huɗu? Tsofaffin magoya bayan Sharks da na sani ba su yarda a gada musu kofunan Dolphins ba, don abokan hamayya ne na gari ɗaya. Ga kuma kofunan 1955 da 1958 da aka ci da sunan Fatakwal, su kuma na wa ne? Ɗan sa-kai da ke zaune a Holan ko Nowe ba shi da hanyar warware wannan. Abin da aka aika masa shi zai rubuta, in an aika daidai ya zauna daidai, in an aika kuskure shi ma ya zauna, kowa ya yi ta kwafa.

Kuma kada a ɗora wa Bature laifi, don mu ne ba mu riƙe takarda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta daɗe tana ɗauke da 1945 a tambarinta a matsayin shekarar kafuwa. Masu bincike irin su ɗan jarida Kunle Solaja sun tono jaridar Nigerian Daily Times ta watan Agustan 1933, suka nuna sanarwar taron kafa hukumar a Broad Street ta Legas. Shekara 12 ke nan hukuma ta rage wa kanta, ta ɗauki shekarar fara Kofin Gwamna ta mai da ita ranar haihuwa. Marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya fara a UNTL kafin ya tafi Ibadan, an yarda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37. Amma wasa nawa ya buga? Wani kundi ya ce 58, wani ya ce 62. Wannan fa mutumin da ya ci mana ƙwallon farko a Kofin Duniya ne a 1994, gwarzon Afirka na 1993, wanda ya yi wasa a zamanin talabijin. In nasa bai daidaita ba, ina ga na wanda ya buga wa Zariya a 1957?

Akwai kuma ƙwallon da ko layi ɗayan ba ta samu. Duk inda Hausawa suka yi zango a Kudu akwai ƙungiyar matasa, akwai gasar Sallah, akwai wasan sada zumunci da yaran gari. A ganina irin wannan wasa ya kashe wutar faɗa da yawa da ba a kai ga jin labarinsa ba, domin yaron da ka ba shi fasin ya ci ƙwallo jiya, da wuya ya ɗauko maka adda yau. Wanda ya ci kofi a irin wannan gasa shekara goma da suka wuce, yau sai dai a yi ta musu a teburin mai shayi, kowa na rantsuwa. Ba IFFHS ce za ta zo Rumuokoro ta rubuta mana ba, ba kuma aikinta ba ne.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya buga wa Kano ko Zariya a shekarun 1950, ko Raccah Rovers, ko WRECA, in akwai tsohon hoto ko yankin jarida ko katin ɗan wasa a ƙasan adaka, a ɗauki hotonsa a turo mini, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun masu gane fuskokin suna raye. Wanda ke Kaduna kuma yana da hali, ya leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa ko Arewa House ya duba Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na 1953 zuwa 1955. Abin da aka samu zan jera shi a nan da sunan wanda ya kawo, sannan in aika wa RSSSF kwafi, tunda suna karɓar gyara daga duk wanda ya zo da hujja. Sunayen mutum goma sha ɗayan da suka ci Lagos Dynamos nake so mu fara da su.