Abdulƙadir Ɗan Tafa da Falsafar Yunanawa

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana ɗauka cewa tunanin Yunanawa ya shigo ƙasar Hausa ne ta hanyar makarantun boko. Manufar wannan maƙala ita ce nuna raunin wannan zato, ta hanyar duba rayuwar Abdulƙadir ɗan Mustafa (1804–1864), wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Nana Khadija.

2.0 Hanyar Shigowa

Tun zamanin Abbasiyawa aka fassara littattafan Aristotil zuwa Larabci a Bagadaza, tare da gabatarwar da Farfuriyus ya yi wa ilimin manɗiƙi a zamanin daular Rum. Daga nan malaman Musulunci suka taƙaita fannin, har ya zama abin karantarwa a zauruka. Shehu Maghili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya kare halascin manɗiƙi a jayayyarsa da Suyuɗi. Haka kuma a 1852 Heinrich Barth ya tarar da wani makahon malami Bafillace a Bagarmi, mai suna Faki Sambo, da sassan Aristotil da Aflaɗun cikin Larabci.

3.0 Matsayin Ɗan Tafa

Ɗan Tafa ya yi karatu a wurin kawunsa Muhammadu Sambo, ya zauna a Salame yana karantarwa. A cikin Kulliyyatul Alamis Sitta ya yi amfani da hayula da sura wajen bayanin asalin halitta. Kalmar hayula kuwa ta Yunananci ce, Aristotil ya yi amfani da ita da ma'anar ainihin abin da ake gina kowane jiki da shi, kafin ya sami siffa. Sai dai a cikin Uhud wa Mawathiƙ ya ɗauki alkawarin kafa aƙidarsa bisa ayoyin Alƙur'ani, hujjojin hankali kuwa su biyo baya. Ke nan ya karɓi ma'aunin Yunanawa na tantance hujja, amma bai miƙa masa hukuncin ƙarshe ba.

4.0 Kammalawa

Ɗan Tafa ya rasu kusan shekara 40 kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Saboda haka ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin falsafa a Hausa su fara bincika rubuce-rubucen irin waɗannan malamai kafin su ari na Ingilishi.