Takalmin Zomo a Tambarin Ƙasa

Duk wanda ya ratsa daga kasuwar Mokolo ya gangaro unguwarmu ta Briqueterie a birnin Yawunde, zai iske mutanen da ke ɗauke da takardun ƙasashe uku a aljihunsu: na Kamaru, na Najeriya da na Nijar. Kowace ƙasa kuma tana da tambarinta, kuma a kowane tambari an dasa wani tsiro domin ya yi magana da yawun al'umma. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su duba ko wane tsiro ne, balle su tambayi wanda ya zaɓe shi.

Al'adar ɗaukar fure a matsayin alamar mulki ta daɗe a Turai. Bayan yaƙin gadon sarauta da aka sha a Ingila, Sarki Henry na Bakwai, wanda ya hau gado a 1485, ya haɗa jan wardi da farin wardi na gidajen sarauta biyu masu gaba, ya mayar da su alama guda. Amurkawa suka ɗauki abin suka mai da shi doka. Baje kolin duniya da aka yi a Chicago a 1893 ne ya zaburar da jihohinsu, kowace ta shiga neman furenta. A shekarar ce majalisar yankin Oklahoma, tun bai zama jiha ba, ta zaɓi kauci, irin wanda mu muke gani yana maƙale a rassan itatuwa. Alabama kuwa ta sauya nata a 1959, ta jefar da furen daji ta ɗauki na lambu. Sai a 1986 Shugaba Reagan ya ayyana wardi a matsayin furen ƙasar baki ɗaya.

Ta hannun Ingila al'adar ta iso Najeriya. A tambarin da aka ba ƙasar a 1960, ido yakan tafi ne kan jar gaggafa da fararen dawakai biyu da baƙar garkuwa mai alamar haɗuwar Neja da Binuwai. Amma a ƙarƙashin kofaton dawakan, cikin koriyar ciyawa, akwai wasu ƙananan furanni. Masana tsirrai suna kiran wannan tsiro Costus spectabilis, shi ne kuma furen ƙasar Najeriya. Mu kuwa mun san shi tun kafin a zana tambarin. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, ya rubuta shi da sunan takalmin zomo. Ba shi da kara. Ganyayensa huɗu ne masu kauri, suna shimfiɗe a ƙasa, furen yana fitowa daga tsakiyarsu idan damina ta faɗi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne launi. Furen takalmin zomo ruwan ɗorawa ne, amma a tambarin an saba zana shi ja. Shekaru fiye da sittin ke nan kuskuren yana yawo a kan takardun gwamnati da littattafan makaranta. An gyara taken da ke ƙasan tambarin a 1978, an ƙara masa zaman lafiya da ci gaba, ba a waiwayi furen ba. A ganinmu dalilin a fili yake: an ɗauko shi daga daji an ɗora a tambari ba tare da an shaida wa jama'a cewa ɗan tsiron nan da suke takawa a hanyar gona ne aka ɗaukaka ba. Da an faɗi sunansa da Hausa, da tuni wani manomi ya ce ba haka launinsa yake ba.

Kamaru ba ta bi wannan hanya ba. Kundin tsarin mulkin 1996 ya siffanta hatimin ƙasa dalla-dalla, har da faɗinsa na milimita 46: kan wata budurwa tana fuskantar reshen kofi mai ganye biyu, a bayanta kuma 'ya'yan koko biyar. Babu fure a ciki, sai amfanin gonar da ke kawo kuɗin waje. Zaɓi ne na gaskiya gwargwado, amma rabin ƙasar ya nuna. Koko da kofi na kudu ne da yamma. Audugar Garwa da Marwa, wadda aka kafa kamfanin Sodecoton dominta a 1974, ba ta samu gurbi ba, haka dawa da shanun Adamawa. Nijar ce ta zana abin da Bahaushe zai gane nan take: zangarniyar gero uku, kan sa, mashi da takubba biyu, da rana a tsakiya.

Ba mu ce Bahaushe bai san fure ba. Ta ciki da ta hanci ya san shi. Gurjiya takan yi jan fure da rani a kaɗa miya da shi, yakuwa ta ba mu zoborodo, kanumfari ma ƙullin fure ne da aka shanya, ƙamshin furen lalle kuma ba ya ɓuya a tsakar gida. Sai dai da aka zo neman alamar da za ta tsaya wa Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, dagi aka ɗauko, zanen da magina da masu ɗinki suka daɗe suna yi a bango da riga.

Kakanninmu fatake sun biyo hanyar Ngawundare da Tibati da Yoko suka sauka nan bayan Jamusawa sun kafa sansaninsu a 1889. Unguwar ta samo sunanta ne daga masana'antar bulo, 'yan ƙasa kuma suna kiran wurin Ekoudou. Ba su zo da tambari ba, amma sun zo da allura da zare, kuma har yau a shagunan telolin Briqueterie ana zana dagi da aska takwas a wuyan manyan riguna, Musulmi da Kirista na saye, ba tare da wata majalisa ta taɓa zama a kansu ba.