Daga zauren alƙali zuwa filin ƙwallo

Jama'a, duk sanda kotu ta yanke hukuncin zaɓe sai na ga kowa ya zama alƙali a Facebook. Shi ya sa na ce bari mu waiwayi kalmar.

Asalinta Larabci ne, alƙadi, harshenmu ya mayar da ita alƙali. A da, sarki ke naɗa shi daga cikin malamai, ya yi shari'a a zaure da littattafan Malikiyya. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai suka sa su ƙarƙashin En'e. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano. Amma 'yan NEPU sun sha ɗauri a waɗannan kotunan, abin da ya zubar musu da ƙima a idon talakawa da yawa. A zamanin Gowon aka ƙwace su daga hannun sarakuna, suka koma na gwamnati.

Kalmar kuwa ta ci gaba da yawo: alƙalin wasa, alƙalan musabaƙa, har Alƙalin Alƙalan Najeriya. Duk sharaɗinsu ɗaya, ba ka da ɓangare, kuma sai ka ji ta bakin kowa.

To mu da muke yanke wa mutum hukunci da bidiyon daƙiƙa 30 fa? Wallahi ni ma na taɓa yi, daga baya na ji kunya. Allah ya sa mu gyara.