Ɗorawa da Saukewa: Daga Naɗin Tef zuwa Filash

A shekarun 1960, idan kwamfuta tana bukatar bayanai, ma'aikaci ne yake ɗauko naɗin tef ya ɗora shi kan na'ura da hannunsa. Daga wannan ɗorawa umarnin mount ya samo sunansa, kuma yana cikin littafin jagorar Unix na farko, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta a Bell Labs a 1971. Aikinsa haɗa faifan da aka kawo da sauran fayiloli. Umount kuwa ya raba su.

Rabuwar ita ce mai haɗari. Don gudun jinkiri, kwamfuta takan riƙe wasu bayanai a ƙwaƙwalwarta kafin ta rubuta su. Wanda ya fizge faifai kafin a sauke shi yakan tafi da rabin fayil, wani lokaci ma jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil ya lalace.

A Kano wannan darasi ya shigo kasuwa. Da cinikin finafinai ya bar kaset da faifan CD na Ƙofar Wambai ya koma hannun masu turawa, katin memori ya zama jari, gaggawar cire shi kuma hasara. Sai a 2018 Windows 10 ya mai da saurin cirewa tsarinsa na asali ga filash.