Garin Gawi: Yanayin Ƙasa da Tarihin Kafuwarsa

Gabatarwa

Gawi ƙaramin gari ne na Kotoko a ƙasar Cadi. Yana arewa maso gabas da birnin Njamena, tazarar kimanin kilomita 10. Ko da yake yau birnin ya shafe shi a girma da suna, Gawi ya girme shi nesa ba kusa ba. Wannan takarda za ta duba yadda yanayin ƙasa ya zaɓa wa mutanen farko wurin zama.

Yanayin ƙasa

Yankin shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka, ba dutse, ba tsauni. A Njamena ne kogin Logon ke haɗuwa da kogin Shari, su nufi Tafkin Cadi. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Bayan ta wuce ne kogi ke cika ya batse, wajen Oktoba da Nuwamba. Laka ba ta shan ruwa da wuri, don haka fadamu kan daɗe a malale. Da rani kuwa ƙasa ta bushe ta tsattsage. Mai son zama a irin wannan wuri dole ya nemi tudu.

Mazauna na farko

Mutanen da suka fara zama a kan tuddan nan su ne ake kira Sao. Da laka suka yi ɗakuna da ganuwa. In ɗaki ya rushe, sai a daidaita ƙasarsa a gina wani a kai. Haka tudu ya riƙa ƙaruwa, zuriya bayan zuriya. A tudun Mdaga, kusa da Njamena, Jean-Paul Lebeuf ya jagoranci haƙa daga 1960 zuwa 1968, aka tarar da alamun zama tun kafin haihuwar Annabi Isa. A tuddan Sao an tono mutum-mutumin yumɓu, da kayan ado na tagulla, da manyan randuna da ake binne mamata a ciki.

Tarihin baka ya ce Sao ƙatti ne masu ƙarfin gaske, kuma mutanen Gawi na cewa garinsu ne babban birninsu. Sai dai masana sun fi ganin cewa garuruwa ne masu ganuwa, kowanne da sarkinsa. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya yaƙi Sao, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtuwa ya rubuta. Sannu a hankali sunan ya ɓace, Musulunci ya shigo, Kotoko suka gāji garuruwan, suna kuma ɗaukar Sao a matsayin kakanninsu.

Zuwan sabon maƙwabci

Ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka gwabza da Rabe a Kusuri. Rabe ya mutu, kwamanda Lamy ma ya mutu. A shekarar ne Emile Gentil ya kafa sansanin Fort-Lamy a gaɓar Shari, wanda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Daga nan mulki da kasuwa suka tattara a can.

Kammalawa

Abin da ya rage wa Gawi shi ne lakar da aka kafa shi a kanta. Matan garin na gina tukwane da randuna, suna yi wa bangon gidaje zane kala-kala, tsohuwar fadar sarki kuma ta zama gidan tarihi. Birni na ta matsowa da bulo da siminti, kuma duk tudun da aka baje kafin a bincike shi, wani ɓangare na tarihin yankin ya tafi ke nan.