Aiki da Manyan Injuna a Fili Lokacin Hunturu: Haɗurra, Kariya da Taimakon Gaggawa

Hunturu lokacin aiki ne a Sakkwato. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, don haka gini da aikin titi da noman rani sukan tashi gaba ɗaya daga Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu. Wanda ke zaune a Runjin Sambo ya saba da ƙugin tifofin yashi tun kafin gari ya waye, da tirelolin siminti masu fitowa daga Kalambaina, da injunan ban ruwa da ake ɗauka zuwa fadama. Wannan bayani na masu tuƙa katafila, gireda, injin haƙa, tarakta da tifa ne, da yaran mota da leburorin da ke aiki kusa da su, da kuma iyalan da ke jiran dawowarsu gida.

Abin da muke so a fara riƙewa shi ne, sanyin ƙasarmu bai cika yi wa mai lafiya illa da kansa ba. Haɗarin ya fi zuwa daga ƙura, da kuma dabarun da mutum ke yi don guje wa sanyin: naɗa rawani, hura gawayi, da shan maganin mura kafin hawa inji.

Yanayin da ake aiki a cikinsa

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, kuma yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi. A watan Janairu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan sauko zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka da asuba, sannan ya haura 30 da rana. Danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Idan hazo ya yi kauri, ba a hango abin da ya wuce kilomita 1, wani lokaci ma bai kai haka ba, kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan fitar da gargaɗi a irin waɗannan ranaku. A wurin aiki kuwa, ƙurar da injin ke tayarwa da kansa ta haɗu da hazon, sai direba ya kasa ganin mutumin da ke tsaye taku kaɗan daga taya.

Ƙura da huhu

Mai tuƙa gireda yana shaƙar ƙura iri biyu: ta sama da iska ta kawo, da ta ƙasa da injinsa ya tayar. Manyan ƙwayoyinta sukan tsaya a hanci da maƙogwaro, su kawo atishawa, ƙaiƙayi, tari da haɓo. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke wucewa har cikin ƙananan jakunkunan huhu. Ƙurar yashi da ta dutse tana ɗauke da sinadarin silika, wanda idan aka shekara da shekaru ana shaƙa yakan bar tabo a huhu. Tabon ba ya warkewa, kuma yana ƙara wa mutum saukin kamuwa da tarin fuka.

Hankici ko bakin rawani suna tare ƙura mai kauri ne kawai. Shuɗin takunkumin asibiti ya ɗan fi su, amma iska na shiga ta gefensa. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne N95, da sharaɗin ya manne da fuska sosai. Gemu mai yawa yana hana shi mannewa, don haka mai gemu ya ƙara dogaro da rufe gilashin inji da yayyafa ruwa a wurin aiki kafin a fara. A canza takunkumi idan ya jiƙe, ko ya yi datti, ko numfashi ya fara wuya a cikinsa.

Mai ciwon asma ya ajiye abin shaƙarsa a aljihun rigar da ke jikinsa, ba a akwatin kayan aiki ba. Idan ya shaƙa bai ji sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa magana saboda haki, aikin ranar ya ƙare, sai asibiti. Tarin da ya kai mako 2, musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, kada a ce na hunturu ne. A je a gwada kaki. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ido

Ido kan bushe, ya yi ja, ya riƙa zubar da hawaye, kuma direban da idonsa ke ruwa ba ya gani yadda ya kamata. Tabarau mai rufe gefe ya fi na ado. Idan tsakuwa ta faɗa, kada a murza, kuma kada a bar wani ya sa harshe ko tsinke. A wanke da ruwa mai tsabta. Siminti kuwa daban yake, domin yana ƙona ido: a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa.

Tufafin sanyi

Wannan shi ne haɗarin da aka fi rainawa. Fanbel, sarƙa, da sandar da ke juyawa a bayan tarakta, wadda ake haɗa injin casa ko na ban ruwa da ita, ba sa jira. Sandar nan takan yi juyi 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. Idan ta kama jelar rawani ko hannun babbar riga, kafin mutum ya gane abin da ke faruwa ta riga ta naɗe har wuya ko kafaɗa. Ba wanda ke da saurin fizge kansa daga irin wannan.

Don haka a sa tufafi masu kama jiki, biyu ko uku a kan juna, yadda za a iya rage su idan rana ta ɗaga. Hular sanyi ta fi rawani a wurin aiki. In kuwa dole sai an naɗa, a cusa jelar cikin riga, kuma a bar kunne a buɗe gwargwadon da za a ji hon da kiran abokin aiki. Safar hannu tana da amfani wajen riƙe ƙarfe mai sanyi da ɗaukar kaya, amma a cire ta kusa da duk abin da ke juyawa. Kafin a taɓa fanbel ko a cire abin da ya maƙale, a kashe inji, a zare makulli, a sa shi a aljihu.

Yatsun da sanyi ya kama ba sa jin abin da suka riƙe sosai. A ɗuma su tukuna kafin a kama sitiyari. Faso da tsagewar fatar hannu kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, sai a shafa man kaɗe ko basilin safe da dare.

Gawayi, hayaƙi da wuta

Masu kwana wurin aiki da masu gadin injuna sukan shiga da kaskon gawayi cikin kan mota ko ɗakin kwano su rufe, ko su bar inji yana aiki don ɗumi. Gawayi da hayaƙin inji da janareta duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mutum kan ɗauka zazzaɓi ne ke son kama shi. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Idan mutum biyu ko uku suka tashi da ciwon kai a wuri ɗaya da aka kwana da wuta, a fito da su iska nan take, a kai su asibiti a faɗi abin da ake zargi. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba. Iskar oksijin ce maganinta.

Akwai kuma masu hura wuta a ƙarƙashin inji idan ya ƙi tashi da safe. Sanyin Sakkwato bai kai ya daskarar da man gas ba. Matsalar takan kasance raunin batir ne, ko matatar iska da ƙura ta toshe, ko iska a layin mai, kuma duk aikin makanike ne. Wuta kusa da tankin mai, a lokacin da ciyawa ta bushe iska na kaɗawa, ba ta da uzuri. Haka shan taba wajen zuba mai.

Maganin mura da barci

Yawancin magungunan mura da ake saya a kemis suna ɗauke da kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton. Yana sa gyangyaɗi, yana kuma rage saurin taka birki, ko da mutum bai ji barci ba. Wanda ya sha da dare ma yakan tashi da ragowarsa. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, ya fi haka muni. Taramol da wasu ke sha don ƙarfin aiki yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba, kuma ba sai an faɗi abin da hakan ke nufi ga mai riƙe da katafila ba.

Duk lokacin da za a rubuta maka magani, ka gaya wa likita ko mai harhaɗa magani irin aikinka. Akwai magungunan da ba su cika sa barci ba. Masu hawan jini su yi tambaya kafin su sha maganin toshewar hanci, domin wasunsu na ɗaga jini.

Ruwa: busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi da fata, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa. A riƙa kurɓa ko ba a ji ƙishi ba. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa, kuma shayi da goro ba sa maye gurbinsa.

Masu larura ta musamman

Mai sikila: sanyi, ƙarancin ruwa da aikin ƙarfi su ne manyan masu tayar da ciwon, ga su duka a wuri ɗaya. Ya guji aikin asuba in da hali. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kada ya hau inji bai karya ba, ya riƙe dabino ko alewa. Mai farfaɗiya da wanda ya taɓa suma ba dalili, sai likita ya amince. Wannan kuma lokacin sanƙarau ne: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba na jira zuwa gobe ba ne.

Kafin a tayar da inji

A zagaya shi da ƙafa, a leƙa ƙarƙashinsa. Da daren sanyi yara, almajirai, masu gadi da awaki sukan raɓu da motar da ta kwana don ɗumin injinta da kariya daga iska. A unguwa mai cunkoso irin Runjin Sambo, inda fegin gini ke manne da gidajen jama'a, wannan zagayen na minti ɗaya ya fi kowace doka muhimmanci. Sai a goge gilashi, madubi da fitilu da jiƙaƙƙen tsumma, a gwada birki da hon.

Ba a yin ribas sai da mai ba da hannu guda ɗaya, wanda direba ke gani. Da zarar ya ɓace daga madubi, a tsaya. A kan titi a kunna ƙananan fitilun gaba, domin manyan hasken kan dawo ido cikin hazo. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tifa mai lodi kuma ba ta tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa. Idan ba a ganin iyakar inda bokitin inji ke kaiwa, a dakata har ƙura ta lafa. Mun san kuɗin yini ne ke tafiya, kuma ba kowane mai aiki ke da bakin cewa a'a ba. Shi ya sa wannan magana ta fi hawa kan 'yan kwangila da shugabannin ƙungiyoyin direbobi.

Idan an tashi, a sauke bokiti ƙasa, a ja birkin hannu, a sa wa taya weji. Kada a shiga ƙarƙashin bodin tifa da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe.

Idan haɗari ya faru

A fara kashe inji, sannan a kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra idan a kan titi ne.

Zubar jini: a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana dubawa. Kada a zuba ƙasa, toka, bakin mai ko ruwan batir. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannewa ta gaza, a ɗaure sama da raunin tamau, a rubuta lokacin da aka ɗaure.

Yatsa ya guntule: a naɗe guntun cikin tsumma mai ɗanshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da majinyacin.

Wanda abu mai nauyi ya danne: a ɗaga masa da zarar an tabbata ba zai sake faɗowa ba. Ko ya tashi yana tafiya, a kai shi asibiti, domin tsokar da ta murƙushe tana sakin abin da ke lalata ƙoda. Fitsari kalar shayi alamar hakan ce. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi zaune. A ɗauke shi a miƙe bisa katako, wani na riƙe da kansa.

Ƙuna: ruwa mai gudu na minti 20, ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai. Buɗe murfin lagireto tun inji bai huce ba yakan jawo ƙunar fuska da hannu.

Tiyon haidurolik da ya huje: kada a laluba da hannu, a kara kwali. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya bar ɗigo kamar na allura, wanda da farko ba ya zafi sosai. A ciki kuwa yana kashe nama, kuma jinkirin awanni kaɗan kan jawo yanke yatsa. Irin wannan rauni, da karaya mai buɗaɗɗen ciwo, da bugun kai mai amai ko ruɗewa, na babban asibiti ne mai likitocin tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Kada a fara biyawa ta wajen mai ɗori, kuma kada a ba majinyacin abinci ko ruwa a hanya, domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata. A tuna wa ma'aikatan lafiya batun allurar rigakafin tetanus, a gaya musu magungunan da ya sha a ranar.